Agogon Ejner a hannun Bodil

Jama'a, yau da rigar zuwa coci na fita, na dawo da ita kaca-kaca da kirim ɗin kek, ga bayana yana ta ƙara saboda na taya ɗaukar mutum mai nauyin buhu biyu. Duk wannan albarkar ta same ni ne a dalilin ziyarar Mai Girma Sarkin Tsimi, uban lafiyarmu, wanda ya gano cewa majinyaci ya fi araha idan ba a gan shi ba. Bari in faro muku daga tushe.

Maƙwabcina Ejner tsohon masunci ne, zuciyarsa ta gaji, ba ta iya tura jini kamar da. A da muna da ɗan asibiti a bayan gidan burodi, da wani tsohon likita, Vestergaard, wanda ya san halin mutanen gaɓar tekun nan sarai. Ba ya ɓata bakinsa wajen tambayarka yaya jiki, don ya san ko hanjinka ne a hannu "da sauƙi" za ka ce. Sai dai ya ce, "Cire safa." Ya danna ƙafar da yatsa, ya ga ko ramin zai cike. Yanzu kyandir masu ƙamshi ake sayar wa masu yawon buɗe ido a ɗakin da yake duba mu.

Masu girma sun zauna a can birni, sun sha gahawa, sun fito da hikima. Wai daga yanzu ba bisa yawan marasa lafiyar da asibiti ya duba za a biya shi ba, sai bisa yawan waɗanda suka zauna gida lafiya. Wa zai ƙi wannan? Ni ma na tafa. Abin da ban tambaya ba shi ne, wa zai shaida lafiyar? Ashe agogo ne. Aka aiko wa Ejner kwali: agogon hannu mai ƙirga bugun zuciya, sikelin da ke kai tsegumin nauyinka birni, da allo wanda likita zai riƙa leƙo ka ta ciki. In lambobinka kore ne, kai ɗan kirki ne. In sun yi ja, sai a kira ka.

Makon farko agogon ya yi ja, wata nas ta kira daga birni. Ejner ya ji muryarta a gajiye, ya ji wasu wayoyin suna ta ƙara a bayanta. Yana ajiye waya ya kasa cin abinci.

"Yarinyar nan aiki ya yi mata yawa, Aksel," ya ce da ni ta kan shinge. "Ga masu ciwon gaske, ni kuma ina damunta."

"To kai na wasa kake yi?"

"An ga wanda ya fi nawa."

Kun san mu. Mutuminmu gara ya nutse da ya ɗaga hannu a ce ya cika neman a kula shi. Sai Ejner ya kwance agogon ya ɗaura wa matarsa Bodil, wadda kullum sai ta taka keke zuwa kasuwar kifi, ko da iska na tura ta baya. Sikeli kuwa, in zai hau sai ya dafa teburin kicin da hannu biyu, don kada nauyin ruwan da ke taruwa a jikinsa ya tayar wa yarinyar mutane da hankali. Ranar ganin likita a allo ya yi aski, ya sa kwat da naktaye, ya zauna a bayan tebur. Allon daga ƙirji zuwa sama yake nunawa. Ƙafafun da suka kumbura kamar an hura su suna can ƙasa cikin silifa da ya tsaga da wuƙar kifi.

"Yaya jiki, Baba Ejner?"

"Da sauƙi."

"Ai mun gani! Zuciyarka kamar ta ɗan shekara arba'in. Ci gaba da hawa keken nan."

Mutumin da rabonsa da kaiwa bakin akwatin wasiƙa tun kafin dankali ya yi fure!

Na same su na yi faɗa. Na ce, "Bodil, ke ma da hankalinki?" Ta ci gaba da yanka baƙin burodi, ba ta ɗago ba. Ta ce, "Shekara hamsin ban iya sa shi ya sa hula ba, yau zan iya sa shi ya sa agogo? In na cire, cewa ya yi zai jefa shi a teku." Na ga idonta ya yi ja, na san ba albasa ba ce.

Na koma gida na kira lambar da ke jikin kwalin. Na danna ɗaya, na danna uku, na sha kiɗa har na iya shi, sannan wani saurayi mai ladabi ya ɗauka. Na ce maƙwabcina na neman mutum mai ido da yatsa ya zo ya duba ƙafarsa.

"Yi haƙuri, ba ma tattauna sirrin majinyaci da wanda ba shi ba."

"Ɗana, ba tambayarka nake ba, gaya maka nake. Agogon ba a hannunsa yake ba."

"Sai dai shi ya kira da kansa. Kuma masu kore ba sa cikin layin ganin likita ido da ido."

Allah ya ƙara wa sirri daraja. An rufa wa Ejner asiri har ya kusa rufuwa gaba ɗaya. Tsoro ya kama ni sosai, don na taɓa ganin irin wannan kumburin, na kuma san inda yake kai mutum.

Ana nan sai ga albishir. Wai a duk yankin nan babu majinyacin da ya kai Ejner kyawun lambobi, don haka Mai Girma Sarkin Tsimi da kansa zai zo ya gaishe shi, a ɗauki hoto, duniya ta ga amfanin sabon tsari. Kun ji fa. Likita ya yi tsada a turo, amma Mai Girma da direba da mai hoto da Wazirin Allo mai riƙe masa na'ura, su kyauta iska ke kawo su.

Bodil ta gasa kek kala-kala, don ba a karɓar baƙo a garin nan da faranti ɗaya. Aka ɗaga tuta a tsakar gida. Yau da hantsi doguwar mota ta tsaya, mara ƙara kamar ɓarawo. Ejner na zaune a bayan tebur, mayafin tebur ya sauko har ƙasa. Mai Girma ya ci kek, ya yi jawabi a kan yadda gida ya zama asibiti, yadda aka rage ɓarna, yadda dattijo ya zama likitan kansa. Wannan na ƙarshen dai bai yi ƙarya ba.

Sai mai hoto ya ce a fito gindin tuta. Na ce, "Ranka ya daɗe, a ɗauka a zaune mana." Ejner ya harare ni. Baƙo ya nemi ka tashi, ka ce ba za ka iya ba? Ya dafa tebur ya miƙe. Ranar wanka ba a ɓoye cibi. Ya yi taku ɗaya, leɓensa ya koma shuɗi, ya tafi luu, ya jawo mayafin tebur da kek da ni gaba ɗaya muka zube.

Bodil ta durƙusa a kansa tana kiran sunansa. Ni ina laluben waya in kira motar asibiti. Waziri kuwa ya tsaya yana duba na'urarsa, ya ce, "Ranka ya daɗe, amma a nan lafiyarsa ƙalau!" Bai rufe baki ba sai ya ce, "Af, ya yi ja."

Wayar gidan ta ɗau ƙara. Ni na ɗauka. Nas ɗin nan ce mai gajiyayyar murya. "Baba Ejner? Zuciyarka na gudu sosai, me ya faru?"

Na dubi hannun Bodil da ke tallafe da kan mijinta, agogon na ta walƙiya. Na ce, "'Yata, zuciyar matarsa ce, mijinta ne ya faɗi."

Da muna sa shi a motar asibiti ya buɗe ido, ya nemi Mai Girma, ya ce a gafarce shi da ya ɓata taro, kuma don Allah a ƙarasa gahawar kada ta huce. Kunyar mara kunya asara ce, amma je ka gaya wa Ejner. Yanzu yana can asibitin birni, ana zuƙe masa ruwa, Bodil ta ce mini a waya yana numfashi da kansa. Ta ce abin da likitan da ya karɓe shi ya fara yi shi ne cire masa safa.

Kafin baƙin su tafi na ji Waziri yana raɗa wa Mai Girma cewa labarin ma ya fi haka daɗi: na'ura ta yi ƙara, an ceci rai. Ku saurare shi a jawabi na gaba, ku tafa da kyau.

Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Da na dawo na tarar da nawa kwalin a bakin ƙofa, da agogo sabo fil. Zan ɗaura, ranku ya daɗe, a hannuna ma kuwa, don tun da matata Inger ta rasu babu wani hannu a gidan. Sai dai ku taimaka ku tambayar mini Sarkin Tsimi: ranar da na faɗi, zuciyar wa za ta yi gudu ta kira ku?