Ƙeyar Malam Bartholomew

Jama'a, yau da ƙafa na dawo daga kasuwar Kafanchan, buhun masara a kai, gumi har cikin takalmi. An tare hanyar unguwarmu da rumfuna da kujerun roba, ko babur ba ya wucewa. Na tambayi mai gadi ko rasuwa aka yi. Ya ce biki ne, Mai Girma Sarkin Yanka Ƙyalle ya zo da jerin motocinsa taya 'yar kwalejin da ke bayan gidajenmu murnar nasarar shirin "Malami Madubin Malami". Na sauke buhuna na tafa musu, kada a ce ni ne maƙiyin ci gaba.

Ga wanda bai san shirin ba, bara ne manya suka shige wani otal mai sanyi, suka ci kaji, suka fito da dabara. Kowane malami zai shiga ajin abokin aikinsa ya zauna a baya, ya saurara, sannan ya gaya masa inda yake da gyara. Dabara ce mai kyau, ban raina ba. Abu ɗaya suka manta. A garin nan duk wanda za ka gaya wa gaskiya, ko surukinka ne, ko dattijon cocinku, ko shi ya kai matarka asibiti ranar haihuwa.

Maƙwabcina Malam Bartholomew, da muke kira Bato, noman citta yake koyarwa a can, kuma ya san citta kamar shi ya haife ta. Kunya ce ta yi masa yawa. Da ya shiga aji sai ya fuskanci allo, ya yi ta rubutu yana yi wa allon bayani ƙasa-ƙasa kamar mai lallashin jariri, har a tashi. Da idona na gani. Wata rana na kai masa makullin babur ɗinsa da ya manta, na shiga, na yi tari, na ajiye a tebur, na gaisa da ɗalibai, na fita. Da yamma yake ba ni labarin ikon Allah, wai makulli ya biyo shi aji.

Ɗalibai suka yi ta zamewa, har Oga Kwata-kwata na kwalejin ya ce in zangon nan ya ƙare ba su dawo ba, za a rufe darasin a tura Bato gonar gwaji can bayan Kauru, ya bar matarsa Rachael da yara a nan. Shi ya sa duk kwalejin shi kaɗai ya ɗauki shirin da gaske. Yana so ya ji abin da ke korar masa yara.

Elda Meshak, dattijon cocinsu kuma malami a kwalejin, shi ne ya fara shiga ajinsa. Ya buɗe da addu'a, ya jingina da bango, bai farka ba sai lokacin rufewa da addu'a. Ya ce, "Broda Bato, Ubangiji ya ba ka baiwa. Lakca naka yana kawo salama a zuciya."

Sai Malam Zubair, wanda shanun gidansu ke cin karan gonar Bato bayan girbi. Shi bai yi barci ba, ya ga komai. Ya ce, "Malam, ai ba a magana. Ban taɓa shiga aji mai natsuwa irin naka ba, ko tari babu." Gaskiya ya faɗa, don kujeru ba sa tari.

Ta ƙarshe ita ce Malama Damaris, 'yar kawun Bato, wato taubashiyarsa. Kun dai san wasan da ke tsakanin ɗan mace da ɗan namiji. Tun suna yara take ce masa mai kai kamar doya, yana ce mata ragowar yunwa, kuma ba mai jin haushi. A taron malamai, gaban Oga, ta miƙe ta ce, "Bato, yara ba su san fuskanka ba, ƙeyanka suka sani. In sun gan ka a kasuwa sai ka juya baya kafin su gane ka su gaishe ka. Ka juyo ka kalle su, ka ɗaga murya. Shi ke nan fa."

Ɗaki ya kece da dariya. Elda Meshak har da share hawaye. Bato ya fi kowa dariya, ya nuna ta ya ce, "Wannan yarinya ba zai kashe ni ba! Ke fa da muryanki kamar injin niƙa?" Oga ya buga tebur ya ja mata kunne, wai kada ta ƙara kawo wasan gida cikin aikin hukuma.

Damaris ba ta haƙura ba. Ran Lahadi bayan sujada ta zo gidan da kayan cocinta, fuska a ɗaure. Ina leƙe ta katanga. Ta durƙusa har ƙasa, abin da ba ta taɓa yi masa ba, ta ce, "Yaya Bartholomew, don Allah ka ji ni. Yau ba wasa na zo ba." Ai jin ta ce Yaya, sai Rachael ta saki ludayi ta riƙe ciki. Bato ya faɗo daga benci. Damaris ta fashe da kuka, kukan gaske, shi kuwa yana tafi yana cewa a sa ta a diraman Kirsimeti. Raina ya ɓaci ranar, don baiwar Allahn nan ƙaunarsa take yi.

Za ku ce ni me ya hana ni magana? A rijiyarsu muke ɗiban ruwa, kuma rani ya kusa.

Zango ya ƙare, ɗalibai ba su dawo ba. Manya suka zauna suka yi nazari mai zurfi. Tunda abokan aikinsa sun shaida gwani ne, ashe laifin ɗalibai ne, kuma bai kamata a bar gwani irin wannan yana ɓata basirarsa a kan kujeru ba. Aka tura shi Kauru da yabo mai yawa. Ranku ya daɗe, wannan hikima sai ku.

Ran Asabar na taya shi ɗaura katifa a bayan a-kori-kura. Rachael na tsaye a ƙofa da yara, idonta ya yi ja. Damaris ce ta kawo masa guzurin soyayyiyar gyaɗa. Har direba ya ta da mota, sai Bato ya riƙo hannuna ta taga.

"Maƙwabci, ba tafiyan ne yake damuna ba," in ji shi. "Duk kwalejin nan, a ce an rasa mutum ɗaya da zai gaya mini gaskiya?"

Damaris na tsaye dab da ni. Na dube ta, na dube shi, na ce Allah ya kiyaye hanya. An ce baɗi za a kai shirin asibitoci, likita ya riƙa duba aikin likita. Ni dai na fara shan jiƙo tun yanzu.