Gudun da Aka Auna da Ƙafata

Ba zan taɓa mantawa da shekarar da motocin gyaɗa suka fara ratsa Gusau ba, tun jirgin ƙasa bai iso ba, don a shekarar na zubar da girmana a tsakiyar kasuwa.

Hanyar da ta taso daga Tsafe ta nufi Bungudu ta bakin kasuwa ta bi, inda mata ke baje kaya, yara na gilmawa. Dokar da ke akwai ita ce kada mota ta wuce sassarfar jaki, amma direbobi suka kai kuka wai tana kashe musu yini. Ana cikin haka mota ta banke tukwanen wata tsohuwa, saura ƙiris ta haɗa da jikarta. Hakimi ya ce a sake duba dokar. To da me za a auna gudu? Dattawa suka yanke cewa a sa mutum a gaban mota, yadda duk ya tafi, shi ne iyakarta.

Ni aka ɗauko. (Bakina ya ja mini. Na cika gari da labarin na kama zomo da hannu a dajin Karakkai, ban taɓa faɗin cewa zomon gurgu ba ne.)

Inna, mahaifiyata, a bakin hanyar nan take sayar da daddawa. Da safe ta riƙe mini hannu ta ce, "Kai ɗan nan, ka tafi sannu. In ka zuba gudu, mu za a taka." Na rantse mata. Direban motar da za a auna kuma ya raɗa mini, "Malam, kada ka ba maza kunya." Shi ma na gyaɗa masa kai.

Kasuwa ta dare biyu. Wakilin hakimi ya tsayar da ni, motar na bayana, ya ce kada in waiwaya. Wallahi ban taɓa kusantar mota haka ba. Har warin manta nake ji. Na hango Inna ta ɗora hannu a ka. Na ce a raina, sannu, sannu dai.

Sai abin ya yi tari, ya buga wata ƙara kamar bindiga.

Ina batun rantsuwa, ina batun alkawari! Na cika wandona da iska. Hulata ta tafi, takalmi ya bi ta. Na tsallake kwandon Inna ina kururuwa, "Wayyo Inna, ta cim mani!" Ban tsaya ba sai da na faɗa cikin ƙaiƙayi a bayan rumfunan hatsi, ina kuka na jawo wa matan kasuwa bala'i.

Da na ɗaga kai ban ji kukan kowa ba, sai dariya. Motar na nan inda na bar ta. Tashinta kawai aka yi, ko taku ba ta yi ba.

Wakilin hakimi ya share hawayen dariya ya ce, "Motar da ke tsaye ta yi wa ƙato haka, ina ga mai goyo in ta taso? Daga yau, in ta shigo kasuwa, tafiyar ƙafa za ta yi."

Matan kasuwa suka yi ta guɗa, ni kuwa na yi mako ban leƙa waje ba. Tun daga nan na koyi auna bakina kafin a auna ƙafata. Amma duk wanda ya tsallaka hanyar nan lafiya da ɗansa a hannu, ya sani albarkacin ihuna ya ci.