Yadda Za Ki Guje Wa Jirgin Surukinki Ba A Gane Tsoro Ne Ba

Ga ta nan tafe gare ku. Ku ce ta iso mu ji, sannan ku matso.

In kika bi matakan nan, na yi miki alkawari ƙafarki ba za ta bar ƙasa ba, kuma babu mai ce miki matsoraciya. Wurin yayata na koye su. Mijin 'yarta yana da ɗan jirgin sama mai kujera biyu, na shan iska, ita kuwa bakinta ya ja mata: ta ce a gaban maƙwabciyarta mai ɗinki ko gobe sai ta hau. Mai ɗinki ta ce za ta zo ta gani da idonta. Shekara talatin suna ƙure juna, wadda ta ja da baya ba ta ƙara sakewa a unguwa.

Mataki na 1: Ki riga kowa shiri

Ki iso rumfar jirgi da fara'a, kina tambayar me ake jira. Mai gaggawa ba a zarginsa da tsoro.

Mataki na 2: Ki tsaya sai inji ya yi gyatsa

Kafin a auna baƙin mai, sai an kashe komai an juya farfela da hannu har tankin ya yi ƙulululu. Surukin ya juya farfela, tanki ya yi gyatsarsa. Yaya ta ce ita 'ya'ya tara ta goya, ta san gyatsar gaskiya, wannan ta ganin ido ce. Bawan Allah ya yi ta juyi har ya jiƙe sharkaf, kunya ta hana shi musu.

Mataki na 3: Kada ki yarda da fetur

Surukinki zai tsiyayi kaɗan a ɗan kofi mai haske, ya duba ko ruwa ya kwanta a ƙasa. Ki karɓa, ki ɗaga sama, ki kanne ido, ki ce kamar kin ga ɗigo. Sau huɗu Yaya ta ga ɗigo. Kafin a gama tada inji da jiran allurar geji ta nuna baƙin mai ya ɗau zafi, tuni iskar rana ta taso, ƙaramin jirgi kuwa ba ya shiri da ita. Aka ɗage sai wani mako. Ki nuna kin fi kowa jin haushi.

A hanyar gida mai ɗinki ta ce, “Ƙawata, jirgin ne ba lafiya ko ke?”

Mataki na 4: Ki ji ƙarar da babu

Ranar komawa ba iska, fetur tas, gyatsa har biyu. Da inji ya tashi, Yaya ta rufe ido, ta ɗaga yatsa, ta ce wani abu na ƙas-ƙas ta hagu. Alhali ba abin da ta ji. Aka kira makanike, ya zo yana gunaguni wai jiya-jiya ya duba, ya cire murfin inji don a bar maganar. Sai ga sifirin ɗin da ke riƙe salansa, wato bututun hayaƙi, ya karye, yana lilo, ta hagun kuwa.

Mataki na 5: Ki tabbata ba ki faɗi daidai ba

Nan Yaya ta yi sake. Makanike ya canza sifirin, ya rusuna ya ce shekara ashirin bai ga kunne irin nata ba. Surukin kuwa idonsa ya kawo ruwa.

“Mama, kin ceci raina. Daga yau ba na tashi sai kina gefena kina saurare.”

Ta waiga neman mafita, ta haɗa ido da mai ɗinki, wadda ta riga ta miƙo hannu za ta riƙe mata jaka. Aka ɗaura mata bel.

Minti ashirin suka yi a sama, idonta a rufe gam, surukin yana zaton sauraren inji take. Da suka sauka ta ce inji lafiya lau, ta nuna wa mai ɗinki kujera ta ce bismillah. Nan take mai ɗinki ta tuna ta bar dutsen guga a kunne.

Wadda ta bi matakan nan ta tsinci kanta a sama, kada ta zo ƙofata, ni ko tsani ban taɓa hawa ba. Makanike yanzu ba ya rufe murfi sai ya tambayi Yaya. Mai ɗinki ta daina zancen jirgi. Yaya kuwa duk Asabar ana zuwa ɗaukarta, kuma har yau ba ta san yadda garinsu yake daga sama ba.