Laya Uku a Mariƙin Raket

Ba zan taɓa mantawa ba da shekarar da likita ya ce ko in fara motsa jiki ko tumbina ya gama da ni. Abokina Alhaji Kabiru, wanda muke ofis ɗaya tun muna ƙananan ma'aikata, shi ya ja ni wani kulob na tanis a nan Barnawa. Har raket ya ba ni kyauta, tsoho amma mai kyau. Na karɓa ina ta godiya (ni da abin kyauta, ai sai dai a yi haƙuri).

Ba a jima ba abubuwa suka fara ba ni tsoro. Duk ranar da na buga, tafin hannuna sai ya yi baƙi ƙirin, in wanke da sabulu ya ƙi fita. Mariƙin yana wani irin wari kamar na jiƙaƙƙiyar fata. Da safe kuma in tashi yatsuna sun mutu, ko kofin shayi ba na iya riƙewa. Wanda ya fi tayar mini da hankali shi ne ranar da na tsaya ni kaɗai a fili dab da magariba, jemagu suna wucewa ta sama. Na shafa mariƙin, sai na ji gurbin yatsu a jikinsa, huɗu a jere. Na ɗora nawa, ba su zauna ba. Na wani ne, mai dogayen yatsu. Wallahi sai na ji kamar hannun mutum nake riƙe da shi. Na jefa raket ɗin a but ɗin mota, na tuƙa har gida ina duba madubi.

A lokacin ni da Kabiru muna neman kujera ɗaya ta ƙarin girma. Ku riƙe wannan, don shaiɗan ma da shi ya riƙe ni.

Na kai raket ɗin wurin Yohanna, mai ɗaura wa 'yan kulob tsirkiya da canza girif, wato robar nan mai laushi da ake naɗe mariƙi da ita. Washegari ya kira ni daga cikin Keke, ga iska, ga hon.

"Oga, na ga abin da ke kashe maka hannu fa. Laya uku ne a ciki."

"Me ka ce?"

"Uku, oga! Wanda ya ba ka ne ya bar su. In cire?"

Na ce kada ya taɓa komai. Na zauna a kan matakalar ofis. Kabiru? Mutumin da ya yi mini babban aboki ranar aurena? Maimakon in kira shi in tambaya, sai na wuce Makera wurin kawuna, Malam Isa. Shi dai bawan Allah cewa ya yi, "Ɗana, a bi a hankali, zato zunubi." Ni kuwa na dage sai an buɗe a gaban jama'a, kowa ya ga irin mugun da nake cin tuwo da shi.

Ranar Asabar da yamma kulob ya cika. Na shigo da kawu, na karɓi raket ɗin daga hannun Yohanna da hankici (kada abin ya sake taɓa ni), na ɗora a kan benci. Na ɗaga murya na ce, "Alhaji Kabiru, zo ka ga kyautarka!" Masu wasa suka tsaya. Ƙwallo ɗaya ta gangara har gindin raga ba wanda ya bi ta.

Kawu ya yi bisimilla, Yohanna ya fara warwarewa. Farar robar sama ta fita. Ƙarƙashinta wata shuɗiya, duk ta daskare da gumi. Ƙarƙashin wannan wata baƙa da ta narke tana maƙalewa kamar kwalta, ita ce ke tsattsafowa tana ɓata mini hannu. Sai ainihin fatar mariƙin. Shi ke nan.

Na ce, "Ina layun?"

Yohanna ya dube ni, ya dubi tarin robar. "Ga su nan, oga. Leya ɗaya, leya biyu, leya uku. Hawa-hawa! An yi ta naɗa sabo a kan tsoho har ya yi maka kauri, shi ya sa hannunka ke ciwo."

Turanci ya yi mini, ni kuma na ji Hausa. Wata mata mai suna Madam Rifkatu ce ta fara fashewa, sauran suka bi, har da mai kwanciya a ƙasa. Kawu ya gyara hularsa ya ce zai je ya duba ko an kira salla.

Kabiru kaɗai bai yi dariya ba. Ya durƙusa ya ɗauki baƙar robar nan, ya sa yatsunsa a gurbin da ke jikinta.

"Na marigayi Yaya Sani ne," in ji shi. "Na kasa cire inda hannunsa ya zauna, sai na riƙa rufewa. Na ba ka ne don ban ga wanda ya fi kusa da ni ba."

Da ƙasa ta tsage a lokacin, da gudu zan shige. Na ba shi haƙuri a fili, na bi shi gida na sake ba shi. Ya ce ya yafe, kuma na yarda ya yafe. Muna gaisawa, muna zuwa sunan juna, amma ya sami wani abokin wasa.

Yanzu ni nake canza girif da kaina, da ya fara santsi sai in cire tsohon tas kafin in naɗa sabo. Idan kuma ɗan Kaduna ya gaya mini magana a waya, kafin in ɗauko kawuna sai na tambaye shi da wane yare ya faɗa.