Ɓarayin Shanun Sikotilan da Auren Ƙanwata

Ba zan taɓa mantawa da wannan Juma'ar ba, kuma ko na so in manta, 'yan kasuwar Canaan ba za su bar ni ba.

Shekarata tara a Guangzhou ina sarin wandunan jins a Xintang ina turawa Kano. Ƙanwata Safiya ta biyo ni ne don karatun haɗa magunguna, kuma a shekararta ta ƙarshe ta sanar da ni cewa akwai mai son ta da aure. Na san shi. Rashid ne, ɗan zangon Kumasi, mai tura kaya ta jirgi daga filin jirgin saman Baiyun. Yaro ne mai hankali, ba ka raba shi da sahun gaba. Abu ɗaya ne ya tsaya mini a wuya: a katin kasuwancinsa an rubuta Rashid MacGregor.

Da maganar ta isa gida, Baba ya kira ni. "Kai ne idona a can," in ji shi. "Ka bincika mini asalin yaron nan. In da matsala ka faɗa mini, ba zan bayar ba."

To, kowa ya san yadda ake binciken aure a gida. Unguwarsu za ka je, ka zauna wajen mai shayi, ka gaida liman, ka ja wani dattijo da hira har ya kawo maka kakan kakan yaro. Shi mai neman auren ba a tambayarsa, don zai ce maka jikan waliyyi ne. Ni kuwa tsakanina da Kumasi akwai teku da rabin duniya. Sai na yi abin da kowane mai hankali zai yi (har gobe ina nan a kan wannan maganar), na buɗe waya na rubuta sunan.

Jama'a, na ga abu! Ashe sunan wata zuriya ce a duwatsun Sikotilan, can arewacin Birtaniya. "Mac" na nufin ɗan wane, wato 'ya'yan Gregor ke nan. Suna cewa su jinin sarauta ne, amma maƙwabta masu ƙarfi suka cinye musu ƙasa, su kuma suka koma korar shanun mutane. Rikici ya yi rikici har sarki ya haramta sunan MacGregor ɗin. Wanda ya ci gaba da amsa shi yana iya rasa ransa, dole suka ari sunayen wasu suka ɓoye a ciki, fiye da shekara ɗari kafin a mayar musu da abinsu.

Na ajiye waya na ce shi ke nan. Dama na lura Rashid yana da ɗan haske, ga dogon hanci. Wani Bature ɗan gidan nan ne ya sauka a Ghana ya bar iri. Kai, har tausayin Safiya na ji.

Washegari na tafi shagon buga takardu. Matar da ke shagon ta dubi hoton wasu ƙarti masu gemu, sanye da siket, riƙe da takubba, ta ce, "Lawban," wato maigida da yarensu, "mai kala?" Na ce mai kala, kuma a manne shi da roba. Shafi shida na buga. Safiya ta tambaye ni yadda bincike ke tafiya, na ce mata ta yi ta addu'a kawai.

Ana cikin haka sai baffan Rashid, wani dattijo mai suna Alhaji Sumaila, ya zo daga Ghana sarin kaya. Aka ce tunda Allah ya kawo babba, a haɗu a gaisa. Bayan an sauko daga masallaci muka taru a gidan abincin wata 'yar Nijar, hawa na bakwai a Xiaobei, mu wajen goma sha biyu. Aka kira Baba ta bidiyo aka jingina wayar da fulas ɗin shayi. Safiya tana kicin tare da mata, labule ne kawai tsakaninmu.

(A nan zan faɗi gaskiya. Ina iya kiran Baba ni kaɗai in gaya masa. Amma mutum ya yi bincike mai shafi shida, mai kala, ai yana son 'yan kallo.)

Da aka gama gaisuwa Baba ya ce, "Ina wakilina? Me ka samo?"

Na miƙe, na gyara hula, na yi gyaran murya. Na ce Rashid ba shi da aibu a kansa, amma aure da dangi ake yi. Na karanto komai, tun daga Gregor har zuwa dokar sarki. Na ɗaga hoton sama na juya shi hagu da dama don kowa ya gani, sannan na rufe da cewa, "A taƙaice, Baba, kakanninsa ɓarayin shanu ne, har sarkinsu sai da ya hana a ambaci sunansu."

Rashid ya sunkuyar da kai, ni kuma na ɗauka asiri ne ya tonu.

Alhaji Sumaila ya miƙo hannu na ba shi hoton. Ya sa tabarau ya daɗe yana dubawa, sannan ya nuna ɗaya daga cikin ƙartin da yatsa.

"Ɗana, wannan mai siket ɗin, shi ne kakana?"

Wani ya ƙyalƙyale a baya. Dattijon bai ko murmusa ba. Ya ce in zauna, na zauna.

"Kakana sunansa Audu," in ji shi, da Hausarsu ta Kumasi. "Bakano ne, ɗan Madabo. Fataucin goro ya kai shi Gwanja, jari ya karye, ya gangaro Kumasi ya kama aikin kuku wurin wani Bature mai sayen katako. Audu huɗu ne a zango lokacin. Akwai Audu Dogo, akwai Audu Mahauci, akwai Audu Tela. Namu sai aka ce Audun MacGregor, don a gidan MacGregor yake dafa abinci. Da aka kai ubana makaranta, hedimasta ya rubuta haka. Shi ke nan fa. Baturen ma ko sallama bai yi mana ba da zai tafi."

Mai kunya a nan zai yi shiru. Ni ban yi ba. Na ce, "To, Alhaji, hasken fa? Hancin fa?"

"Uwar Rashid Bafillatana ce."

Dariya ta ɓarke, har mai gidan abincin ta leƙo da ludayi a hannu. Baba ya tambaya wane gida a Madabo, Alhaji ya kwatanta masa, Baba ya ce ai ya san gidan, tare suka yi allo da wani jikan gidan. Ina jin zufa tana bin bayana duk da na'urar sanyi. Na yi zaton an gama da ni, sai na ji Baba ya ce, "Kai, matso da wayar nan kusa da fuskarka."

Na matso.

"In da satar shanu tana hana aure, da ni da kai ba mu zo duniya ba. Me ka ji ya koro kakana daga ƙauye ya shigo Kano ko takalmi babu? Yawon buɗe ido?"

Shekara arba'in da ɗaya ina duniya, ban taɓa jin wannan labarin ba sai a gaban mutum goma sha biyu da fulas ɗin shayi. Wani Alhaji ɗan Maraɗi ya yi dariya har tuwo ya sarƙe shi.

Dariyar duk na shanye. Abin da ya dame ni na gaske sai da aka watse ya zo. Safiya ta fito daga kicin, idonta ja, ta tsaya gabana ta ce, "Yaya, da Baba ya yarda da kai fa?" Ta juya ta fita. Wata biyu ba ta ɗaga wayata ba, kuma wannan ya fi mini ciwo a kan duk tsiyar da ake mini a kasuwa.

An ɗaura auren, ni ne ma na raba goro. Na ba Safiya haƙuri, na ba Rashid, domin su na ɓata wa. Amma binciken kansa ban janye ko layi ɗaya ba. Duk abin da na karanto gaskiya ne, mutanen ne kawai ba nasu ba. Masu kirana Farfesa a Canaan kuma su ci gaba, ko gezau.

Darasin da na ɗauka ɗaya ne. In aka sake ba ni binciken asali zan karɓa, da gudu ma. Sai dai daga gidanmu zan fara, kuma sai na rufe ƙofa kafin in tambayi Baba.