Rasuwar Gogo, Fijon Malam Zadok na Karewa

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da faratan da har yau baƙin mai bai fita daga cikinsu ba, Malam Zadok na Karewa, tsohon malamin kimiyya, yana sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar motarsa, farar Fijo mai dogon baya wadda duk unguwa ke kira Gogo. Ta rasu ranar Asabar da hantsi a Sangere, tana da shekara talatin da takwas, ba tare da ta kai matarsa Fibi gidanta na Mubi ba kamar yadda ya yi alkawari.

Marigayiya tana da nawa. Kullum sai an lallashe ta, ta yi kirr-kirr-kirr, ta yi tari biyu, sannan ta amsa. Amma ranar da hari ya watsa Mubi a 2014, kowa ya fita da abin da ke jikinsa, bugu ɗaya ta tashi. Mutum goma sha ɗaya ta ɗauko, da keken ɗinkin Fibi, ba ta huta ba sai Jimeta. Da suka sauka Fibi ta dafa bonet ta ce, "Baban Nancy, ita ta kawo mu, ita za ta mai da mu." Ya ce ba damuwa, wata mai zuwa. Shekara goma yana faɗin haka.

A wannan tafiyar ta kwaso ciwon ajalinta. Injin ya fara huro baƙin mai ta tiyon numfashinsa yana zubawa cikin kafireta, fulogi na jiƙewa, shuɗin hayaƙi na bin ta duk inda ta nufa. Bappa bakanike ya ce a sauke inji. Zadok kuwa shekara talatin yana zana inji a allo, bai ga abin da wani zai gaya masa ba. Ya ɗauko gwangwanin madarar da Fibi ke zuba maɓallai, wanda ya biyo keken daga Mubi. Ya huda murfin wuri biyu, ya cusa soson ƙarfe a ciki, ya raba tiyon ya soka kowane kai a hudarsa, ya liƙe da gam, ya ɗaure gwangwanin da waya kusa da batir. Mai ya riƙa tsayawa a ciki, iska na wucewa, hayaƙi ya ɗauke.

Bappa ya leƙa, ya girgiza kai. "Ticha, wannan ba magani ba ne, fo ne ka sa wa tsohuwa. In ya cika ba ka zubar ba, motan zai sha abin shi."

Zadok bai taɓa buƙatar tunawa ba. Duk Asabar Fibi za ta fito da kwalbarta, ta sa shi ya buɗe bonet, ta juye man, ta shafa wa ƙofar ɗaki da akurkin kaji don gara. Shi kuma yana buɗe wa mutane bonet a bakin coci yana bayanin fasaharsa, bai taɓa ambaton mai juyewa ba.

Bara da damina ɓarin jikin Fibi ya shanye. Zadok ya koyi dama kunu da wanke zannuwa, bai yi ƙorafi ba. Gara ta ci gindin ƙofa, yana tsallake ta safe da yamma, ko sau ɗaya gwangwanin bai faɗo masa a rai ba. Da Fibi ta ce ya kai ta ta ga gidanta tun tana iya zama a kujera, ya sa sababbin tayoyi, ya duba ruwa da birki, ya jera mata matasai a baya.

Sun haye gadar Jimeta lafiya. A Sangere Gogo ta yi gub-gub, hayaƙi ya rufe titi har masu keke suka watse, ta yi ƙas sau ɗaya, ta yi shiru. Daga baya Fibi ta ce a hankali, "Baban Nancy, ka juye gwangwanin?" Zadok ya fita ya buɗe bonet, gwangwanin ya cika maƙil. Bappa ya zo ya tabbatar injin ya buga. Bai ce ai na faɗa ba, kuma Zadok ya so a ce ya faɗa.

Marigayiya ta bar tayoyi huɗu da ba su ga ko garin Song ba, balle Mubi, da jak, da mutum goma sha ɗaya da ke numfashi a dalilinta. Ta bar Zadok, wanda ke gaya wa masu ta'aziyya tsufa ne, ya kuma san ba tsufa ba ne. Ta bar Fibi, wadda jakarta ke ɗaure a gefen gado, ta hana a kwance.

Za a fitar da gawa daga garejin Bappa ranar Laraba da ƙarfe goma, masu sayen tsohon ƙarfe ne za su ja ta. Zaman makoki a ƙarƙashin dalbejiyar da take kwana. Ana roƙon masu zuwa kada su sake kawo shawarar zuwa Mubi a motar tasha, an gaya wa Fibi, ta ce ta ji. Gwangwanin ba zai bi gawa ba. Fibi ta sa Zadok ya wanke shi da kananzir, ta karɓa da hannunta mai lafiya, ta saka a cikin jakar.