Fankar Motar Alhaji

Ko da zan manta da ranar ɗaurin aurena (Rabi ta yi mini afuwa), ba zan taɓa mantawa da ranar da na tuƙa motar mahaifinta daga Ƙanƙara zuwa Sabuwa ba. Har gobe in na ji wani ya danne hon ya ƙi saki, sai in waiga in duba ko aikina ne.

Ni mai gyaran wayar mota ne, ina da rumfa kusa da tasha a Ƙanƙara, kuma a lokacin ina ji da kaina ƙwarai. In aka kawo mini mota, kafin mai ita ya gama bayani na riga na faɗi ciwonta. Wani lokaci ma in dace.

Ina neman auren Rabi, manya sun shiga maganar, amma Alhaji, mahaifinta, bai ce e ba, bai ce a'a ba. Ɗan kasuwar hatsi ne, mutum mara yawan magana. In na je gaishe shi sai ya amsa yana kallon tabarma, ni ma ina kallon tabarma, mu rabu a haka ban san matsayina ba. Ana cikin haka yayansa ya rasu a Sabuwa, sai ya aiko in zo in tuƙa shi ranar addu'ar bakwai. Rabi ta kira ni ta ce babanta bai taɓa ba kowa sitiyarin motar nan ba, kuma dangi duk za su hallara su gan ni. Ta roƙe ni kada in yi surutu, kada in yi gudu. (Ta manta ba ta ce kada in yi gyara ba.)

Na aro babbar riga, muka kama hanya da safe. Alhaji na baya tare da amininsa Malam Idi, wanda shi kuma Allah ya ba shi maganar mutum biyu. Mun wuce 'Yargoje Malam Idi ya fara tambayata sana'ata, sannan ya juya ya tambayi Alhaji ko na iya aikin. Alhaji ya ce, "An ce ya iya." Kalmomin nan suka shiga kaina suka zauna, har na gyara zaman hulata.

Lafiya lau muke tafiya sai da muka zo wajen Faskari muka faɗa cunkoson masu zuwa kasuwa, ga shanu, ga 'yan acaɓa, muka koma tafiyar kura. Allurar zafi ta fara hawa ina kallonta, tana hawa ina addu'a, har tururi ya fito ta gefen bonet. Na gangara gindin wata bishiya na buɗe. Fankar da ke sanyaya lagireto tana tsaye cik. Ban taɓa komai ba, ban duba komai ba, na ɗago na ce da ƙarfi yadda duk za su ji, "Rile ne, Baba. Yanzu za mu tahi."

Ga wanda bai sani ba, rile wani ɗan baƙin akwati ne da bai wuce kwalin ashana ba. In inji ya yi zafi, sensa ta sanar da shi, sai ya yi ƙas ya sakar wa fanka wuta. Shi ne ya fi yawan mutuwa, shi ya sa na yi saurin ɗora masa laifi.

Na duba fis, lafiyarsa ƙalau. Na ciro rilen hon, da yake iri ɗaya ne, na sa a gurbin na fanka. Fanka ba ta motsa ba, ke nan rilen da na yi wa ƙazafi a gaban jama'a ba shi da laifi. Na mayar da kowanne gurbinsa. Na ce to fankar ce ta ƙone, na ja waya daga batir na taɓa mata, ta ɗauka fuu kamar sabuwa. Na ce to sensa ce. Na haɗe bakinta, rile ya yi ƙas, na sa kwan gwaji a ƙafarsa ya kama tar. Wato wuta na fita daga rile, fanka na da rai, amma a tsakaninsu babu gaisuwa. Na tsaya riƙe da filaya, zufa na zuba cikin rigar mutane, na sake bin abin daga farko, na sake samun amsa iri ɗaya. Gaskiya kaina ya kulle.

Akwai wata jar waya da na gani, ba ta kamfani ba, ta taso daga wajen fankar ta shige cikin mota. Na gan ta sarai. Amma bin ta yana nufin in yarda matsalar ba inda na faɗa take ba. Alhaji yana tsaye nesa kaɗan, hannu a baya, ya yi gyaran murya ya ce, yana kallon ƙasa, "Ko za a duba ciki?"

Ni ma ina kallon ƙasa na ce, "A'a Baba, ciki ba ruwanshi."

Ya ja da baya ya bar ni da aikina.

Can na ɗaga akwatin rile, sai ga wayar fanka a ƙarƙashi an yanke ta, an naɗe bakinta da salatif. Murna ta kama ni, ban ma tsaya tambayar kaina wa ya yanke ta ko don me ba. Saura in nemo ɗaya ɓarin. Wayoyi biyu na gani sun nufi gaban mota, baƙin mai ya mayar da su launi ɗaya, na rasa wacce ce ta fanka. Da na bar fankar haɗe da batir kai tsaye da mun isa lafiya, amma wannan ai aikin 'yan koyo ne, ni kuwa an ce na iya. Malam Idi ya fara cewa za mu rasa addu'a, kuma hanyar nan ba a son doguwar tsayuwa a kanta. Sai na yi dabarar da har yau nake mamakin inda na samo ta: na feƙe wayoyin duka biyun na haɗe su da ta rile, na ce in ba wannan ba ce, to waccan ce. Gwaji kuwa na tsallake shi. Muka zuba ruwa muka tashi.

Hanya ta buɗe, iska na dukan lagireto, allura ta zauna daram, don ba a ma buƙaci fanka ba. Malam Idi sai yabona yake. Hon kuwa ban taɓa shi ba ko sau ɗaya, saboda ladabi.

A Sabuwa muka shiga lungu muna rarrafe har ƙofar gidan. An kafa rumfa, tabarmi cike da dattawa. Na tsaya dab da bakin rumfar don kada Alhaji ya yi tafiya, na kashe mota, na buɗe masa ƙofa, na je can gefen tabarma na durƙusa. Liman ya ɗaga hannu, kowa ya ɗaga, wuri ya yi tsit. A cikin tsit ɗin nan na ji ƙas.

Irin motar nan, in injin ya yi zafi, fankarta na tashi ko an zare makulli. Ta tashi kuwa. Hon ya tashi tare da ita.

Ba ɗan pip ba, kuka ne dogo wanda ba ya numfashi. Dattawa suka zabura, wani ya bar takalmansa, tumakin maƙwabta suka tsinke igiya. Ni kuwa na tsaya ina waige-waige ina neman mara kunyar da ke hon a gidan makoki, sai da na ga duk idanu sun nufi motarmu, ga makullinta a hannuna. Na ruga na daddaki sitiyari, na sa makulli na zare, babu sauyi. Na ɓalle bonet na fizge rilen hon na riƙe shi a hannu, hon bai fasa ba. Na kalli rilen, na kalli motar, na fara tunanin ko aljanu ne. Sai a lokacin wayoyin nan biyu suka faɗo mini a rai: ɗaya ta fanka ce, ɗaya ta hon, na ɗaura musu aure da hannuna. Hannun rigar aro ya maƙale a ƙugiyar bonet ya yage kafin in samu in cire kan batir.

Da shiru ya dawo, na ji wani tsoho ya tambaya, "Ɗan wa ne wanga?"

Aka ce masa, "Mai neman ɗiyar Alhaji ne. Gyaran waya yake."

Liman ya sake addu'ar daga farko. An kawo abinci ban iya ci ba. Na koma jikin mota na kwance aika-aikata, ina lissafin yadda zan gaya wa Rabi na kashe aurenmu da filaya. Baƙin ciki nake ji sosai, ba wasa ba.

Da aka tashi tafiya na mayar da kan batir, Alhaji ya zo bai kalle ni ba, ya sunkuya ya zura hannu ƙarƙashin sitiyari. Na ji ɗan ƙas, fanka ta ɗauka. Ya juya ya koma yin sallama da 'yan'uwansa.

Malam Idi ne ya warware mini. Tun da daɗewa wani mai gyara ya yanke wayar rile ya sa wa fankar makunni a ciki, jar wayar nan ke nan. Kullum in Alhaji ya tada mota hannunsa ke kunna ta, har ya manta abu ne da ake faɗa wa mutum. Sai da tururi ya tashi ya tuna, a lokacin kuwa na riga na yi shela cewa rile ne.

Na ce, kamar zan yi kuka, "To Malam, mi ya hana ya hwaɗa mini?"

Malam Idi ya dube ni ya yi dariya. "Kai yaro ne. Da bakanike ya ɗauke ka, ai tun a Faskari zai ce matsa, ya kunna abinshi. Ya za a yi ya ƙaryata surukinshi a gabana? Kunyarka ya ji."

Na daɗe tsaye da yagaggen hannun riga ina juya kalmar nan ta suruki. Ashe amsar da nake ta jira an ba ni ita tun a gindin bishiya, ina can ina faɗa da waya.

Alhaji ne ya tuƙa mu zuwa gida, ni a baya. Ba a jima ba aka sa rana. Dangin Sabuwa har yau Ango Mai Hon suke ce mini, 'ya'yana ma sun ji sun ɗauka. Makunnin yana nan, na taɓa cewa a ba ni in mayar da wayar yadda kamfani ya yi, Alhaji ya kalli tabarma ya ce a bar shi haka.

Yanzu duk wanda ya kawo mini mota, sai ya gama bayaninsa tsaf kafin in buɗe baki. In kuwa dattijo ya yi gyaran murya ya ce ko za a duba ciki, ina ajiye filaya in shiga cikin.